Yadda ake sa yadin auduga ya ƙi shan ruwa da sabulu da alif

Duk wanda ya taɓa noman gwaza ya san yadda ruwa ke dunƙulewa a kan ganyenta kamar ƙwallo, ya gangare ya bar ganyen a bushe. Wani masanin tsirrai ɗan Jamus, Wilhelm Barthlott, da abokin aikinsa sun bayyana dalilin hakan a 1997: ƙananan ƙuraje ne da ido ba ya gani, da kuma kaki a samansu. Yadi yana da nasa ƙurajen a saƙarsa, abin da ya rage shi ne maiƙon da ruwa ba zai wanke ba. Shi za mu dasa masa. Ni da wannan nake rufe buhunan taki a amalanke lokacin marka, tun ranar da ruwa ya kama ni a hanyar Ringim, yuriya ta narke mini a buhu.

Ka nemi yadin auduga zalla mai kauri da matsattsiyar saƙa, akoko ko yadin kaki. Na roba ba ya riƙewa, kada ka ɓata kuɗinka. In sabo ne daga Kantin Kwari, wanke shi da ruwan zafi sitacin kamfani ya fita.

Sai sabulu, kuma a nan ne kusan kowa ke faɗuwa, har ni a karon farko. Sabulun sanda na wanki ake so, irin wanda aka dafa da mai da soda. Ba omo ba, ba kilin ba. Na ga yara sun zuba garin wanki don ya fi kumfa, suka shanya, yadin ya ƙara shan ruwa fiye da da. Dalili kuwa, alif yana ɗauke da sinadarin alminiyom, wanda in ya haɗu da sabulu na gaske yakan ture sodiyom ɗin cikinsa ya maye gurbinsa. Abin da ke fitowa wani sabulu ne mai kamar kaki da ba ya narkewa a ruwa, ya manne a jikin zare. Garin wanki an yi shi ne musamman don kada ya daskare haka, aikinsa ma jawo ruwa cikin tufa ne. Sabulun salo yana yi, amma yana dafar da farin yadi.

Ruwan ma a kula. Ruwan rijiyar da sabulu ba ya kumfa a ciki zai tsinke maka sabulun tun kafin ya shiga zare. Tari ruwan sama, shi ne daidai, kuma kyauta ne.

Kankare sabulu rabin kilo a ruwan zafi lita 8, ka dama har ya narke sarai, babu gudaji. Tsoma yadin ka dinga murzawa ya ratsa ko'ina, musamman wajen ɗinki. Fitar, matse kaɗan, shanya. Kada ka ɗauraye! Matan gida in suka ga kumfa a tufa hannunsu ba ya haƙuri, to ka gaya musu tun da wuri. Wanda ya ɗauraye ya zubar da abin da alif zai kama.

In ya bushe, daka alif gram 250, wannan dai da ake jefawa a ruwan kududdufi ya kwantar da laka, ka narka a ruwan ɗumi lita 8 a cikin robar wanka. Ni ba na amfani da bokitin ƙarfe, alif na cin sa ya bar tsatsa a yadi. Nutsar da yadin, ɗora dutse kada ya taso, ka ba shi awa 2 ko fiye. Za ka ga ruwan ya yi fari-fari da gudaji, alamar aiki na ci ke nan.

Daga nan ɗauraye sama-sama, shanya har ya bushe ƙarau. Yayyafa ruwa ka gani. In ya dunƙule ya gangare, shi ke nan. In ya baje, maimaita duka biyun. Masana ba sa kiran abu mai tsananin ƙin ruwa sai kusurwar da gefen ɗigon ruwa ke yi da jikin abin ta haura digiri 150, wato ɗigon ya tsaya kusan kamar ƙwallo, namu ba lallai ya kai can ba, kuma ba leda ba ne. Ɗaura shi da gangara, don in ruwa ya kwanta a tsakiya zai ratsa. Kada a wanke shi da omo, kakkaɓe ƙura kawai, sannan ka sabunta kafin damina mai zuwa.