Yadda Ake Shuka Baurairai a Lambu

Mafi yawan waɗanda na ga baurairai ya ƙi yi musu, tun ranar da suka ɗauki saiwar a hannu suka kashe ta ba su sani ba. Wannan tsiro mai yaɗo, wanda masana ke kira Gloriosa superba, saiwarsa doguwa ce mai gautsi, galibi reshe biyu kamar gwafa, kuma idon da zai tsiro ƙwaya ɗaya ne tak a bakin kowane reshe. Da zarar idon ya ƙuje, sai saiwar ta ruɓe a ƙasa kana ta yi mata ban-ruwa. Haka na yi asarar guda huɗu a karon farko, saboda na tsayar da su a rami na danna da yatsa.

Don haka kwantar da ita za ka yi, a rami mai zurfin kamar santimita 8, ka barbaɗa ƙasa a hankali ba tare da ka taka ba. Ƙasar ta kasance mai rairayi wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta. Ka kafa abin da zai hau kafin ka binne saiwar, domin turken da aka kafa daga baya shi ne ke tsarge ta. Da bakin ganyensa tsiron yake naɗe abin hawa, saboda haka katako mai kauri ba shi da amfani. Siririyar waya ko tsohuwar raga ta wadatar, ba sai ka kashe kuɗi ba. Tsayin tsiron yakan kai mita 2 ko fiye.

Ko'ina a jikinsa akwai gubar kolcisin, amma ta fi yawa a saiwa da iri, kuma an sha samun mutanen da suka mutu bayan sun ci saiwar bisa zaton doya ce. Ka sa safar hannu, kuma ni ban yarda a shuka shi kusa da kayan lambu na ci ba, ko inda yara da dabbobi ke kaiwa. Wanda ya haɗiye shi a garzaya da shi asibiti, kada a jira amai da gudawa su fara.

Idan fure ya ƙare ganye ya yi rawaya, ka daina ban-ruwa gaba ɗaya. Ka bar saiwar a busasshiyar ƙasa har damina ta zagayo, sannan ka sa safar hannu ka tono ta da hannu idan kana son rabawa.