Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen maikrokontrola mai araha

Yawancin masu haɗa ƙananan na'urori suna fara duba farashin maikrokontrola, wato ƙaramin cif ɗin da yake sarrafa na'urar, kafin su rubuta abin da aikin yake buƙata. Nan ne matsalar take farawa. CH32V003 na kamfanin WCH kusan senti 10 na dala ake sayar da shi, amma galibi sai da na'urarsa ta musamman, WCH-LinkE, ake sa masa firogiram, kuma misalan da za ka koya daga gare su ba su kai na Arduino yawa ba. Idan guda ɗaya ko biyu za ka haɗa, arhar ba ta biya wahalar ba. Sai za a ƙera ɗaruruwa take da ma'ana.

Kuskuren da ya fi ɓata wa mutane lokaci shi ne raina RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da firogiram yake aiki da ita. ATmega328P da ke kan Arduino Uno da Nano yana da flash (inda firogiram yake zama) 32KB, amma RAM ɗinsa 2KB ne kacal. Ƙaramin allon OLED mai 128 da 64 yana cin bayit 1024 idan laburaren, wato firogiram ɗin da yake sarrafa allon, ya ajiye hoton allon gaba ɗaya, wato rabi ya tafi tun ba a fara komai ba. A ƙara katin SD, wanda yake son bayit 512, da 'yan rubuce-rubucen da ake tura wa kwamfuta ta Serial, sai na'urar ta riƙa tsayawa ko ta sake tashi da kanta. Firogiram ɗin ya shiga lafiya lau, shi ya sa mutum yake zargin waya ko sensa. A cikin firogiram, a sa rubutu cikin umarnin F() don ya zauna a flash, a guji nau'in rubutu na String, a kuma karanta adadin RAM da manhajar Arduino take nunawa bayan haɗa firogiram. In ya haura kashi 75 cikin 100, a koma STM32F103 mai 20KB ko Raspberry Pi Pico mai 264KB.

Sai batun wuta. Uno da volt 5 yake aiki, ESP32 da Pico kuwa 3.3 ne. Wanda ya haɗa sensar auna nisa ta HC-SR04 don auna ruwan tanki, ya kai ƙafar Echo kai tsaye kan ESP32, volt 5 yake tura wa ƙafar da ba a yi ta don haka ba. Wataƙila ta yi aiki mako guda, daga baya ta mutu. Resista biyu sun isa: 1k daga Echo zuwa ƙafar, 2k daga ƙafar zuwa GND, wato layin negatif. Haka kuma kada a tayar da rile, wato makunnin da wuta take kunnawa, kai tsaye da ƙafar maikrokontrola. Ƙafar ATmega 20mA ake so ta bayar, rile mai volt 5 kuma yana jan wajen 70mA. Ana buƙatar transista da diyod 1N4007 a jikin nadin wayar rile ɗin.

ESP32 yana da nasa halin. Lokacin da WiFi yake aika saƙo yana fizgar sama da 200mA a take, don haka siririyar wayar USB ko caja mara ƙarfi kan sa ya riƙa mutuwa yana tashi. A ba shi wutar da za ta iya 500mA, a sa kafasita 470µF kusa da shigar wuta. Ƙirga ƙafafunsa ma yaudara ce: ƙafafun GPIO6 zuwa 11 na flash ne, 34 zuwa 39 karɓa kawai suke yi, ƙafafun ADC2 masu auna volt kuma ba sa karatu muddin WiFi na kunne. GPIO0 da GPIO12 suna da hannu a yadda yake tashi, abin da aka jona musu zai iya hana shi farkawa gaba ɗaya.

Masu aiki da batir sukan karanta cewa ESP32 yana cin kusan 10µA a barci mai zurfi, su yi lissafin shekara. Wannan adadin na cif ɗin ne shi kaɗai. Allon gwajin da cif ɗin yake kai yana ɗauke da mai daidaita wuta AMS1117 mai cin wajen 5mA ko ba a komai, ga fitilar LED, ga cif ɗin USB. Idan jimillar ta kai 10mA, batir 18650 mai 2500mAh kwana goma zai yi. A auna da mita tukuna, sannan a cire fitilar, a canza zuwa mai daidaita wuta mai ƙarancin ci.

Jabu kuma ya yi yawa a Blue Pill, wato allon STM32F103 mai araha. Wani yana ɗauke da tambarin STM32 alhali cif ɗin na wani kamfani ne, sai ST-Link, na'urar sa masa firogiram, ya ƙi gane shi. Wasu allunan sun zo da resista 10k a gurbin da aka rubuta R10 maimakon 1.5k, kwamfuta ta ƙi ganin USB ɗin. Nano mai araha yana zuwa da cif ɗin USB CH340, sai an sa direbansa a kwamfuta, wani lokaci kuma sai an zaɓi tsohon bootloader (ƙaramin firogiram mai karɓar sabo) a manhajar Arduino kafin firogiram ya shiga. Kafin a sayi ashirin, a sayi biyu daga dilan, a gwada su da ainihin sensa da ainihin batir ɗin da za a yi aikin da su.