Yadda zaka bibiyi yaduwar annoba da alkaluma

Da farko kar adadin wadanda suka kamu a kwana daya ya rude ka, karshen mako gwaji na raguwa sai kaga lamba ta fadi alhalin cutar na nan daram. Hada na kwana 7 ka raba 7 a Excel, wannan ne zai nuna maka inda ta dosa. Sannan raba masu cutar da yawan mutanen kowace jiha ka ninka da 100,000, in ba haka ba kullum babban gari ne zai zo sama.

Amma wallahi abinda yafi damuna shine gwaji, cikin wadanda aka gwada nawa suka kamu? A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) tace sai wannan adadin ya tsaya kasa da kashi 5 cikin 100 na sati biyu kafin ace an fara shawo kan korona. Mace-mace kuwa sai bayan makonni suke biyo baya.