Yadda za ka zaɓi ma'aunan hasashe ba tare da ka datse shekarun majinyaci ba

Aikina ƙididdigar lafiya ne a nan Jidda, kuma wata ba ya ƙarewa sai wani ƙaramin likita ya sallamo min bayan isha'i da kwamfuta a hammata. Ta baya-bayan nan 'yar yayata ce, tana sanin makamar aiki a wani asibiti a Makka. Ta ce, "Kawu, na tara bayanan masu ciwon suga da suka zo da gyambon ƙafa, ina so in gano wa zai kai ga yanka." Da ta buɗe Excel sai na ga shekaru sun koma "ƙasa da 60" da "sama da 60", awon HbA1c (matsakaicin sukarin jini na 'yan watannin baya) kuma "mai kyau" da "marar kyau". Na zuba mata gahawa, na ce ta rufe kwamfutar ta ɗauko biro.

Da biro ake farawa. Kafin ka leƙa sakamako, rubuta abubuwan da kai likita ka san suna da hannu a cutar, da waɗanda binciken baya ya tabbatar: shekaru, daɗewar ciwon, aikin ƙoda, shan taba, gudanar jini a ƙafa. Abin da ba a sani ba ranar da majinyaci ya shigo, kamar kwanakin da zai yi a gado, ka cire shi.

Sai ka ƙirga guzurinka. Ba yawan majinyata ba ne, yawan waɗanda abin ya faɗa wa ne. A ce mutum 400 gare ka, 60 aka yanke wa ƙafa. Tsohuwar ƙa'idar Peduzzi da abokan aikinsa ta 1996 ta ce mutum goma da abin ya faɗa wa ga kowane gurbi a lissafi (gurbi shi ne wurin da ma'auni ɗaya yake ci), ke nan gurabu shida kake da su. Abu mai rukuni huɗu kuwa gurbi uku yake ci, ba ɗaya ba. Ƙa'idar goman awon ido ce. In kana son lissafi na tsanaki, akwai kunshin pmsampsize a manhajojin ƙididdiga na R da Stata, bisa aikin Richard Riley da abokansa.

Abin da nake roƙon kowa ya bari shi ne zuba wa kwamfuta abu arba'in a ce ta tace mataki-mataki, ko a gwada su ɗai-ɗai a riƙe masu lambar p (ma'aunin yadda sa'a kawai za ta iya haifar da irin sakamakon) ƙasa da 0.05. Ko da babu ɗaya cikin arba'in ɗin da ke da alaƙa da cutar, kusan biyu za su haska don sa'a kawai. Waɗanda suka tsallake kuma ƙarfinsu a kumbure yake fitowa. Kai tsarin hasashen zuwa wani asibiti a Madina, sai ya watsa maka ƙasa a ido.

Yanzu ga batun datsewa, wanda ya fi damuna. In ka raba shekaru a 60, ka ce mai 59 da mai 61 ba su haɗa komai ba, mai 61 da tsoho ɗan 85 kuma ɗaya suke. Wane likita ne zai yarda da haka a bakin gado? Altman da Royston sun yi gargaɗi a 2006 cewa raba awo biyu a tsakiyarsa tamkar zubar da kusan sulusin bayananka ne. Mutanen nan sun ba da jininsu aka auna. Bai kamata wahalarsu ta tafi haka ba. Iyaka irin 6.5 ta HbA1c don yanke hukunci a ɗakin duba marasa lafiya aka yi ta. A cikin lissafi bar lamba yadda take.

Amma miƙaƙƙen layi ma yakan yi ƙarya. Ɗauki sodiyam na jini, wanda daidaitonsa 135 zuwa 145 ne: in ya faɗi haɗari, in ya hau haɗari, kuma duk wanda ya yi aiki a Mina cikin zafin Hajji ya san hakan. Miƙaƙƙen layi zai ratsa ta tsakiya ya ce babu alaƙa. Maganinsa layi mai ƙulle-ƙulle, wanda yake lanƙwasa tsakanin ƙulli da ƙulli amma ya miƙe a bakin biyu inda mutane suka yi ƙaranci. A R, umarnin rcs ne yake yin sa, cikin kunshin rms na Frank Harrell na jami'ar Vanderbilt a Amurka. Ƙulli uku ana sa su a kashi 10, 50 da 90 na jerin awon, huɗu a 5, 35, 65 da 95. Uku gurbi biyu suke ci, huɗu suna cin uku, don haka ka kashe guzurin inda kake zaton lanƙwasa. Sannan ka zana hoton layin, domin lambobinsa a tebur ba sa karantuwa.

Yarinyar ta tashi da takarda ɗaya: shekaru gurbi biyu, ƙoda biyu, HbA1c ɗaya, jinin ƙafa ɗaya. A bakin ƙofa na tuna mata ta duba masu sikila cikin majinyatan nata, domin awon HbA1c ba abin dogaro ba ne a jikinsu, kuma cutar tana da yawa a cikin mutanenmu da mutanen Jazan.