Yadda ake sauraron gajerun kiɗan piyano na Bartók har kunne ya saba

Wanda ya fara jin kiɗan Béla Bartók, ɗan ƙasar Hangari da ya rayu daga 1881 zuwa 1945, yakan ɗauka makaɗin ne ya yi kuskure. Ba kuskure ba ne. Da gangan Bartók yake haɗa sautukan da ke karo da juna, kuma akwai hanyar shiga cikinsu.

Da farko ka nemo gajerun kiɗa 14 da ya rubuta a 1908, masu suna Bagatelles, a YouTube ko wani wuri. Amma kada ka fara da na ɗaya. Tsallaka zuwa na huɗu.

Na huɗun tsohuwar waƙar makiyayan shanu ce ta ƙauyukan Hangari. Tun 1906 Bartók da abokinsa Zoltán Kodály suke bin ƙauyuka da na'urar Edison mai naɗar murya a jikin kaki, suna ɗaukar waƙoƙin manoma. Ka saurara sau biyu, ka bi sautin da ke can sama kawai, ka rera shi a maƙogwaro har ya zauna maka. A ji na uku sai ka mayar da hankali ga abin da ke ƙarƙashinsa. Za ka ji sautuka a cunkushe, masu nauyi, kamar an ɗora wa waƙar kaya. Abin da ya fi burge ni shi ne daga jikin waƙar kanta Bartók ya ciro yawancinsu, bai aro mata tufafin birni ba.

In da piyano ko kibod a kusa, danna baƙaƙen maɓallai biyar da ke jere, ɗaya bayan ɗaya. Wannan ma'aunin sauti biyar shi Bartók ya tarar a tsofaffin waƙoƙin yankin Transilvaniya a 1907, kuma kunnen Bahaushe ba baƙonsa ba ne, don waƙoƙinmu da yawa a kansa suke tafiya. Yanzu danna biyar ɗin lokaci guda. Wannan gogayyar da ka ji, waƙa ce aka tara wuri ɗaya.

Sai ka koma na ɗaya. Nan ne aikin yake. Hannun dama yana kan wani ma'auni, na hagu yana kan wani dabam, har a rubuce ma alamominsu sun saɓa. Sa abin sauraro a kunne, ka bi hannun hagu shi kaɗai: sautuka kaɗan ne suke gangarowa a hankali, su sake dawowa. Sannan ka bi na dama. Daga ƙarshe ka bar su su haɗu, ka lura da inda suke gugar juna da inda suke sakin juna.

Na biyar waƙar mutanen Silobakiya ce, tana da sauri, hannu ɗaya yana ta dukan dunƙulen sautuka iri ɗaya kamar ganga. Ajiye shi sai gobe, bayan na huɗu ya kwana a kunnenka.