Teburin tankin kifin teku: kurakuran da nake ta gani a Yamai

Sau uku ke nan a bana ana kirana in zo in duba tankin kifi da ya fara yoyo, kuma duk sau ukun gilashin ba shi da laifi, teburin da ke ƙarƙashinsa ne ya gaza. Mu masu kiwon kifin teku da murjani a Yamai ba mu da yawa, kuma komai namu daga nesa yake zuwa, har gishirin. Amma sai mutum ya zuba kuɗi a gilashi da fitila da famfo, idan aka zo kan abin da zai ɗauke su duka ya ce wa kafinta: "Yi mini tebur mai ƙwari." Shi ke nan bayanin.

Kafinta ba zai san nauyin ba sai ka gaya masa. Tanki mai tsawon santimita 150, faɗi 60, tsayi 60 yana cin lita 540. Ruwan teku ya ɗara na famfo nauyi, kowace lita kilo 1 da giram 25, wato wajen kilo 550. Gilashi mai kaurin milimita 12 shi kaɗai ya haura kilo 100. Ƙara duwatsu da yashi, ka doshi kilo 700. Ni da siminti nake yi wa kafinta lissafi: buhu 14 a kan teburin nan, dare da rana, ba saukewa. Nan take za ka ga ya gyara tsayuwa.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne ɗora nauyi a kan ƙusa. Teburina na farko haka aka yi shi: ƙafafu huɗu, katakon sama an manna shi a gefen ƙafafun da ƙusoshi, ba a kansu yake zaune ba. A ido babu abin kushewa, har hawa kansa muka yi mu biyu bai motsa ba. Wata bakwai yana ɗauke da ruwa, ashe ƙusoshin kusurwa ɗaya suna ta lanƙwasa a hankali. Kusurwar ta sauka da abin da bai kai kaurin ɗan yatsa ba, tankin ya murɗe, silikon da ke riƙe da gilashin ya yage cikin dare. Na tashi sallar asuba na taka ruwa a falo. Murjanin da na yi shekara biyu ina reno yana tsaye a busasshen dutse, ya yi fari fat, ƙananan kifayena biyu masu ruwan lemo da ratsin fari suna kwance a kan yashi. Har yau idan na ga tebur irin wannan a gidan wani ba na iya yin shiru.

Don Allah ku ji: katako a kan katako, har ƙasa. Katakon sama ya hau kan ƙafa, ƙafa ta hau kan katakon ƙasa. Ni a kowace kusurwa ƙafa biyu nake sawa, ɗaya daga ciki tana ɗaure katakon sama da na ƙasa, ɗayar an yanka ta daidai ta shige tsakaninsu ta ɗauki kayan. Aikin ƙusa mai murɗi da gam riƙewa ne kawai. Ka tambayi kafintanka: "Malam, in aka zare ƙusoshin nan duka, saman zai faɗo?" In ya ce zai faɗo, a sake. Tsawo in ya wuce santimita 120 ina ƙara ƙafa a tsakiya, kuma katakon sama a tsaye nake kafa shi bisa gefensa, ba a kwance ba, don haka ya fi jure lanƙwasa.

Na biyu shi ne ɗanyen katako, kuma nan gaggawa ce ke cin mutane. Katakonmu daga ƙasashen kudu masu laima ake kawo shi. Ka saya a kasuwar Katako cikin watan Agusta, ka kai wa kafinta washegari, to jira Disamba. Iskar hunturu za ta zuƙe shi, ya tsuke, ya murɗe, saman da yake shimfiɗe ya koma kamar sirdi. Gilashi kuwa ba ya lanƙwasa, fashewa yake. Ni jan katako nake saye, in jera shi a inuwa da ƙananan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, in bar shi wata biyu. Abokaina suna cewa na cika tsanani. Wanda ya karkace a cikin jerin nan, shi ne da zai karkace a ƙarƙashin tankina.

Bayan teburin a rufe shi da katakon falle-falle mai kaurin milimita 15 ko 18, a gama da gam da ƙusa, in ba haka ba tura kaɗan daga gefe za ta kwantar da shi. Katakon da aka matse da garin zarto kada ya kusanci wurin, ɗigon ruwa yana kumbura shi. Ƙusa mai murɗi ta zama wadda ba ta tsatsa, domin gishiri yana cinye baƙin ƙarfe. Fenti ciki da waje, har ƙasan ƙafafu inda gara ke bi. A auna ƙaramin tankin tace ruwa, wanda ake ajiyewa a cikin teburin ƙarƙashin babban tankin, kafin a yanka ƙofa. Wurin jona wuta a sama, nesa da fantsamar ruwa.

Daɓen gidajenmu da wuya ya zama daidai, ko mai tayil ne. Ina ɗora ma'aunin magina a tsawo da faɗi da kuma kusurwa zuwa kusurwa, in cusa siraran katako masu tauri a ƙarƙashin teburin, ba tsakaninsa da gilashi ba. In tankin ba shi da firam, ina shimfiɗa farin soso mai kaurin santimita 1, amma aikin soson shi ne shanye ƙwayar yashin da ta maƙale a ƙarƙashin gilashi, ba ya gyara karkataccen tebur. Sannan ruwan famfo zalla nake fara zubawa, kashi ɗaya cikin uku, in auna daga bakin gilashi zuwa ruwa a kusurwa huɗu, in cika, in sake aunawa bayan mako guda. Sai awon huɗun nan sun zo ɗaya nake buɗe buhun gishiri.