Yadda ake bin sawun fim ɗin barkwanci da ya ɓace tun zamanin fina-finai marasa sauti

Wani binciken da ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen fina-finai marasa sauti da aka yi a ƙasar sun salwanta. Abin yana da ciwo, amma idan daga wasan dandamali aka ɗauko fim ɗin, kana da bakin zaren kamawa. Mu ɗauki misalin Brewster's Millions na 1921, fim ɗin barkwanci da ya ɓace, wanda ɗan wasan barkwanci Roscoe Arbuckle ya fito a ciki.

Da farko tabbatar ɓacewar ta gaske ce. Ɗakin karatun yana da kundi a intanet na fina-finan da suka tsira da inda aka adana su. Duba can, ka kuma duba kundin AFI, wato cibiyar fina-finai ta Amurka, don sanin 'yan wasa da kamfani.

Daga nan ka koma tushe, kuma nan ne aikin yake. George Barr McCutcheon ya rubuta labarin a 1902: matashi ne zai ƙarar da dala miliyan ɗaya cikin shekara guda kafin ya gaji miliyan bakwai. Winchell Smith da Byron Ongley suka mai da shi wasan dandamali a 1906. Ka karanta a tsanake, domin wasan dandamali da baki yake ba da dariya, fim maras sauti kuwa sai da jiki da fuska. Duk inda zance ya yi tsawo, tambayi kanka yadda ɗan wasa zai nuna shi ba tare da ya furta kalma ba.

Sai ka nemi mujallun zamanin, irin su Variety da Moving Picture World, waɗanda ake samu kyauta a shafin Lantern. Sharhinsu yakan bayyana abin da aka canza. Haɗa da hotunan talla.

Kada ka tsaya a Amurka. A 2010 an sanar da gano fina-finan Amurka 75 a ma'adanar fina-finai ta Niyu Zilan, don haka ka duba ma'adanun wasu ƙasashe, ka kuma nemi sunan da aka sa wa fim ɗin a wasu harsuna.

In Allah ya sa ka ci karo da tsohon gwangwanin fim, kada ka sa shi a majigi. Sinadarin naitiret da aka yi shi da shi yana kamawa da wuta nan take. Irin wannan wutar ce ta cinye rumbun fina-finan kamfanin Fox a 1937. Ajiye gwangwanin wuri mai sanyi, nesa da wuta, ka tuntuɓi ma'adanar fina-finai.